Saɓar Farar Kububuwa

Da Attahiru ya iso bakin ƙofar ruwa, an riga an kwantar da ƙanensa a bayan wata motar ɗaukar albasa an nufi Sakkwato da shi. Abin da ya tarar kawai taron jama'a ne, da ɗigon jini a kan sumunti, da wani ɗan maciji da bai wuce taƙi ɗaya ba, an fasa masa kai an shimfiɗe shi a kan dutse. Babu wanda ya yarda ya matsa kusa da shi.

Fari ne tas kamar kindirmo, da wasu ɗigo-ɗigo ruwan ƙwai a gadon baya waɗanda sai an sunkuya ake ganinsu. Attahiru ya shekara arba'in yana bin sawun ɓarayin shanu daga Gandi har iyakar Nijar, bai taɓa ganin irinsa ba.

Ƙanen nasa, Abdulƙadiri, shi ne mai rabon ruwa a Tungar Malle tun da ruwan dam ɗin Goronyo ya iso gonakinsu. Kowace safiya yakan buɗe wani akwatin ƙarfe da ke gindin ƙofar ruwan, ya zura hannu ya ɗauko ƙarfen da ake murɗa ta da shi. Yau da ya zura hannu sai abin ya sare shi a yatsa. Ya kashe shi da ƙarfen, har ya yi dariya ya ce ɗan tsako ne. Kafin hantsi jini ya fara tsattsafo masa daga dasashi, wani tsohon miki da ke ƙafarsa ya buɗe. Malama Teresa ta ɗakin shan magani ta dube shi sau ɗaya, ta ce a nemo mota.

Attahiru ya durƙusa ya duba akwatin. Ba a sa masa kwaɗo, sakata ce kawai, amma murfinsa mai nauyi ne, in ya zauna ko kiyashi ba ya samun hanya. Babu huda a gindi, tsatsa ba ta ci gefe ba. Macijin bai shiga da kansa ba, sa shi aka yi.

Bai faɗa ba, amma mutanen sun riga shi sani. Kuma suna ɗaya ne ke yawo a bakinsu, na Malam Ifraimu.

* * *

Malam Ifraimu mutumin Kaltungo ne, yana koyarwa a wata makarantar sakandare a Wurno. A garinsu kububuwa ta kashe masa uwa da yayye biyu, shi ya sa ya zama ba shi da wani aiki bayan makaranta sai kiwonta. Yana ajiye su cikin akwatunan katako masu raga, wasu masu bincike suna zuwa sau biyu a shekara su tatsi dafin don haɗa magani. Shekara shida da suka wuce, da ya zo garin, babu wanda ya yarda ya ba shi wurin zama. Attahiru ne ya yanka masa fili a bayan gidansa, ya tsaya gaban Maigari ya ce in wani abu ya faru a tambaye shi. Kwana goma da suka wuce kuma ƙwan da wata kububuwarsa ta saka suka ƙyanƙyashe, rabin gari ya je kallon farare biyu da suka fito a ciki.

Yanzu Malam da matarsa Alisabatu da 'ya'yansu uku suna cikin gidan Maigari, an rufe ƙofa. A waje samari sun fi sittin, wasu da sanduna, biyu da jarkokin man da ake zuba wa injin ban ruwa. Da Attahiru ya ratsa su babu wanda ya gaishe shi. Wani ya ce, ba da ƙarfi ba, ga wanda ya kawo wa ƙanensa ajali har gida.

Maigari ya ja shi gefe a zaure. Ya ce bai aika wa hukuma ba tukuna, don da zarar an ga an fito da Malam za a far masa kafin ya kai mota.

"Ina iya riƙe su muddin Abdulƙadiri shina numfashi," in ji shi. "In labari ya zo daga Sakkwato, ba ni da abin riƙonsu. Kai kat tsaya mashi, Attahiru. Ka kawo man mutum kahin rana ta hwaɗi."

Attahiru ya shiga wurin Malam da ɗan macijin a kan ganyen tumfafiya. Malam yana zaune a ƙasa, leɓɓansa sun bushe. Ya karɓi ganyen, ya shafa gefen macijin da farce daga wutsiya zuwa kai, fatar ta yi ƙara kamar ana goga zarto. Ya ce kububuwa ce, launi ne kawai ya ɓoye ta, a gaggauta aika wa likitoci kada su tsaya neman sunan macijin. Ya rubuta a takarda, Maigari ya ba wani ɗan kabu-kabu ya bi bayan motar a kan babur ɗinsa.

Sannan Malam ya amsa abin da ba a tambaye shi ba. Tasa ce. Ƙwai goma sha biyu ne, tara suka fito da launin uwarsu. Ɗaya ta fito toka-toka mai baƙin ido, biyu kuma zabiya, jajayen idanu, harshensu ma ba baƙi ba. Ya ware ukun nan a wani ƙaramin akwati kusa da taga, don ba a tabbatar da launin ɗan maciji sai ya yi saɓar farko. Ranar Talata ya dawo daga Wurno ya tarar zabiya ɗaya ba ta nan. Ya ɗauka sulalewa ta yi, ya birkice gidansa yana nema, tsoro ya hana shi gaya wa kowa.

Attahiru ya ji kamar ya mare shi. Kwana uku yana zaune bayan danga ɗaya da mutumin nan, amma Malam bai gaya masa ba.

Malam ya sake kai ganyen bakin haske, ya daɗe yana kallo.

"Baba, ranar Talata idonta ya yi hazo, jikinta ya dushe, saɓa take shirin yi. Dubi fatar nan yanzu, sabuwa ce fil. Ta yi saɓar a hannun wanda ya ɗauke ta. In ka sami fatar da ta tuɓe ka kawo mini, zan gane ta."

Attahiru ya ce gonakin nan cike suke da saɓar macizai. Malam ya ce duk da haka, ya kawo.

* * *

Bayan dangar Malam akwai inda Alisabatu ke zubar da ruwan wanki. Ranar Talata wurin yana da danshi, yanzu ya bushe ya riƙe abin da aka rubuta a kansa. Sawu biyar ne, uku na shiga, biyu na fita. Takalmin taya ne, babba, na ƙaton namiji. Gaban sawun ya nutse, dunduniya kuwa da ƙyar ta taɓa ƙasa, takun kuma gajere. Attahiru ya ce a ransa mai sanɗa ne, yana tafiya a kan yatsu. A gindin dangar ya tsinci wani karan dawa da aka tsaga bakinsa biyu, aka cusa ɗan tsinke a tsakani don ya buɗe. Ya sa shi a aljihu.

Ya bi sawun ta bayan gari, nan ya ɓace, can ya fito a gefen wata kunya, har bakin babban kanal mai kawo ruwan dam. A nan mai sawun ya hau sumunti, labari ya ƙare. Attahiru ya yi gabas ya yi yamma a gefen kanal ɗin, rana tana cin ƙeyarsa, bai ga inda aka sauka ba. Shanu da babura sun tattake ko'ina. Kowace mota ya ji daga hanyar Sakkwato sai gabansa ya faɗi.

Mutum ɗaya ya sani mai irin wannan ƙafa da kuma dalili. Lawwali, wanda gonarsa ke kusa da wutsiyar kanal, ya shaƙe Abdulƙadiri a kasuwar Taloka makon jiya a kan ruwa, sai da mutum huɗu suka ɓamɓare shi.

Ya same shi a gona yana tuge albasar da ba ta gama ƙosawa ba. Bai ɓoye masa abin da ya kawo shi ba. Ya zuba ruwan butarsa a ƙasa ya ce ya taka. Lawwali ya taka, dunduniyarsa ta nutse har ta tara ruwa. Ya ce ya yi sanɗa. Ya yi, sai takun ya buɗe ya yi faɗi, ba kamar wancan ba. Da Attahiru ya buɗe ganyen tumfafiyar a gabansa, ƙaton ya ja baya har ya faɗa cikin fangalin albasa. Ranar Talata kuma yana Wurno tun safe, da shaidu.

Lawwali ya tashi yana karkaɗe riga, ya ce shi in zai kashe mutum da hannunsa zai yi, a gaban jama'a.

"Amma Baba Attahiru, tunda tambaya kaz zo, ka bi kanal ɗin ga har ƙarshe ka tambaya wa ka jin daɗin ƙanenka. Ruwa na tsayawa ga masu injin da masu baki. Mu nan sai abin da ya rage."

Attahiru ya duba inda ya nuna. Daga nan zuwa ƙarshe, fangali bayan fangali, ganyen albasa ya kwanta ya yi ja. Wata mata tana tahowa daga nesa da garwa biyu a sanda, tana zuba wa kunya ɗaya ruwan da ƙasa ke shanyewa kafin ta ɗaga kai. Sabuwa ce, matar marigayi Ɗan'ige, wanda ya rasu bara ya bar mata yara uku da wannan gonar. Ta ajiye garwa ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi jikin mai rabon ruwa. Ya ce da sauƙi, ko da yake bai sani ba.

* * *

Saura karan da ke aljihunsa. Wanda ya sayar wa Malam uwar macizan wani tsohon gardi ne mai wasa da macizai a Rabah, Halliru, wanda shi ma ya zo kallon fararen ya kuma nemi a sayar masa ɗaya aka hana shi. Attahiru ya hau kabu-kabu azahar tana gabatowa. Hanyar ta Wurno za a bi, ga ramuka, ga zafi, gwiwoyinsa suna sara. Ya san in ya dawo hannu wofi ba za a ƙara jiransa ba.

Ya tarar da Halliru a ƙofar gida, ƙafa ɗaya a kumbure an naɗe ta da tsumma. Mako guda ke nan bai iya sa takalmi ba. Attahiru ya dubi ƙafar, ya zauna a ƙasa ba tare da an ba shi tabarma ba. Ya yi tafiyar banza, rana kuma ta karkata.

Don kada ya tashi haka nan, ya miƙa masa karan. Halliru ya juya shi, ya duba tsagar, ya duba tsinken, sai ya yi murmushi. Ya ce wannan aikin gidansu ne. Sauran gardawa da sanda mai ƙugiya suke kamu, su kuwa kakansu ya koya musu tsaga kara, don ɗan maciji ba ya jin ciwo a ciki. Ya ce mutum uku ne suka iya shi a duniya, shi, da wansa da ya rasu.

"Ta ukun kuwa ɗiyar wan nawa ta. Tun tana shekara bakwai take kamun kububuwa awa mai tsintar gyaɗa. Ai garinku anka kai ta aure. Sabuwa."

Yana faɗa yana alfahari. Sai da ya ga fuskar Attahiru sannan murmushin ya tsaya.

Attahiru kuwa sawun nan biyar yake gani a idonsa. Gaba ya nutse, dunduniya ba nauyi, taku gajere. Ba sanɗa ba ce. Ƙaramar ƙafa ce a cikin takalmin da ya fi ta, takalmin mamaci. Shekara arba'in yana wannan aiki, ya karanta sawu a baibai ranar da bai kamata ba.

Ya tambayi tsohon abin da 'yan gidansu ke yi da saɓa in maciji ya tuɓe a hannunsu. Halliru ya ce, murya ƙasa-ƙasa, ba sa yar da ita, haramun ne a gidansu, a jinka ake soke ta. Attahiru ya ce to ya shirya, tare za su koma. Aka ɗora tsohon a tsakiya, ƙafarsa tana lilo.

* * *

La'asar ta yi lokacin da suka iso wutsiyar kanal. Babu kowa a gonar Sabuwa. Attahiru ya bar Halliru a bakin hanya ya shiga 'yar bukkar da ke gefen gonar. Garwa biyu, fartanya, tsohuwar tabarma. A ƙarƙashin tabarmar takalmin taya, an ɗaure maɗaurinsa da zare don ya matse. Ya ɗaga kai ya bi jinkar da yatsa. Saɓa bakwai ya ciro, manya da ƙanana, wasu sun yi baƙi don daɗewa. Ɗaya tana naɗe cikin takardar sabulu, sabuwa, ba ta wuce taƙi ba.

Ya tsaya da ita a tafin hannu. A idonsa ba ta da bambanci da kowace. Idan Malam ya kasa, abin da ke hannunsa takalmi ne da kara, kuma samarin can ba za su bar baƙo su kama gwauruwar garinsu a kan takalmi da kara ba. In kuma Malam ya iya, yara uku za su kwana ba uwa. Ya nemi hanya ta uku a ransa daga bukkar har ƙofar Maigari, bai samu ba.

Taron ya ninka na safe. An ce wani direba ya dawo daga Sakkwato ya ce ya ga ana ƙara wa Abdulƙadiri jini, ba ya gane mutane. An fara jifan ƙofar da duwatsu.

Attahiru ya roƙi Maigari a yi abin a waje, a idon kowa. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure. Aka zaunar da Lawwali, da Halliru, aka fito da Malam tsakanin dattawa huɗu, aka aika mata biyu suka zo da Sabuwa da goyonta. Attahiru ya sa aka ɗauko wata ambulan daga ɗakin macizan, inda Malam ya ce yana adana saɓar 'ya'yan.

Ya fara da akwatin ƙofar ruwa, ya faɗi yadda aka sa macijin. Ya faɗi sawun, ya faɗi kuskuren da ya yi wajen karanta shi. Ya wanke Lawwali, ya nuna ƙafar Halliru. Sannan ya ajiye takalmin da karan a kan tabarma, ya faɗi inda ya samo su.

Sabuwa ba ta ɗaga kai ba. Ta ce takalmin na mijinta ne, tana sa shi saboda ƙaya, kuma rabin mazan garin irinsa suke sawa. Kara kuwa kowa na iya tsaga kara. Da aka nuna mata saɓar, ta ce ita ɗiyar gardawa ce, kowa ya sani, duk inda ta tsinci saɓa a gona takan adana. Jama'a suka fara guna-guni. Wani ya ɗaga murya ya ce Attahiru yana son ya fanshi baƙonsa da marainiyar Allah.

Malam Ifraimu ya nemi a ba shi farin faranti da ruwa kaɗan. Ya jiƙa saɓa tara na ambulan, ya shimfiɗa su a jere a kan farantin. Ya ce dattawa su matso. A kan kowace, in an duba, ana ganin inuwar zanen bayan kububuwa, duhu-duhu kamar hayaƙi. Ya ce baƙin da ke jikin maciji yakan bar alama a rigar da ya tuɓe. Ya shimfiɗa ta toka-tokar, ita ma ga zanen, har ya fi fitowa, don ita ja ne ta rasa ba baƙi ba. Ya ɗauko tsofaffin da aka ciro daga jinkar Sabuwa, kowace da zanenta.

Sannan ya shimfiɗa ta zabiyar da ta rage a akwatinsa. Wannan babu komai a kanta, fara sol kamar ɓawon albasa na ciki, ana ganin farantin ta cikinta. Ya warware ta cikin takardar sabulu ya kwantar kusa da ita. Tsawonsu ɗaya, kuma ita ma babu ko ɗigo.

Maigari ya sunkuya ya daɗe. Liman ya duba, Lawwali ma ya leƙo daga nesa. Maigari ya juya ga Halliru ya tambaye shi, tsakaninsa da Allah, ko a dajin ƙasar nan ana tsintar irin wannan.

Tsohon ya dubi ɗiyar wansa. Hawaye suka bi tsagar fuskarsa.

"Shekarata hamsin ina tara saɓa, ranka ya daɗe. Ban taɓa ganin wadda ba ta da zane ba sai yau."

Sabuwa ta kwance goyonta ta miƙa wa matar da ke kusa da ita. Ta yi magana ba tare da kuka ba, idonta a kan farantin.

Ta ce tun da mijinta ya rasu aka mayar da ranar ruwanta ga wani mai injin. Sau huɗu ta je ta durƙusa wa Abdulƙadiri, na ƙarshe ya ce mata mace ba ta da rana a littafinsa, ta nemo namiji ya yi mata magana. Kwana goma sha ɗaya ruwa bai iso gonarta ba, albasar nan kuwa ita ce abincin 'ya'yanta har kaka. Ta yi tunanin in ya kwanta mako guda, mataimakinsa mutum ne mai tausayi, zai buɗe. Fararen ne kusa da taga, shi ya sa ta ɗauki ɗaya. Ta zaci in ta sare shi za ta sulale cikin ciyawa, ba wanda zai ga launinta.

Attahiru ya tambaye ta ko ba ta san dafin ɗan kwana goma yana kisa ba.

"Na gaya ma raina kumburi kawai za shi yi, Baba," in ji ta. "Amma na sani. Gidanmu anka haihe ni."

"To Malam hwa, da ɗiyanshi? Tun sahe kina jin abin da za a yi masu."

Ta kau da fuska daga inda Malam yake.

Samarin da ke riƙe da jarkoki suka ajiye su a hankali, kowa yana kallon wani wuri. Babu wanda ya taɓa ta. Maigari ya sa aka shigar da ita cikin gida wurin matansa, ya aika Goronyo a sanar da hukuma. Malam Ifraimu yana nan durƙushe gaban farantin, ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna girgiza. Babu wanda ya ba shi haƙuri a ranar. Washegari Lawwali ne kaɗai ya je ya gyara masa dangar da samari suka karya.

* * *

Abdulƙadiri bai mutu ba. Takardar Malam ta isa a kan lokaci, aka yi masa allurar da ta dace, amma sai da aka yanke yatsu biyu. Ranar da ya cika kwana shida Attahiru ya je asibitin. Ya same shi a zaune an jingina shi da matashi, ya rame, idanunsa sun faɗa. An hana kowa gaya masa komai.

Suka gaisa. Attahiru ya ba shi labarin gida da na gona, yana ta kewaye. Abdulƙadiri ya bar shi har ya gaji, sannan ya ce, "Yaya, wa?"

Attahiru ya faɗa masa. Ya faɗa masa duka, har maganar littafi da neman namiji, bai rage ba. Ya jira ya ji ya musanta, a ransa yana fatan ya musanta.

Abdulƙadiri ya dubi hannunsa da ke naɗe da bandeji. Can ya ce ba sau huɗu ta zo ba, sau biyar ne. Na biyar ɗin ya hango ta daga nesa ya sauya hanya.

Ya tambayi inda take, aka ce tana tsare, za a kai ta gaban alƙali bayan sati biyu. Ya tambayi yaran. Attahiru ya ce suna gidansa, Halliru ya so ya tafi da su Rabah amma shi kansa sai an ciyar da shi.

"A kai su gidana," in ji Abdulƙadiri. "Ni ad da hatsi."

"Ba hatsi suka nema ba."

Attahiru ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya gyara hularsa. Ya ce babbar, mai shekara tara, kullum in ya fito sallar asuba yana tarar da ita tsaye bakin ƙofa. Ba ta kuka, ba ta gaishe shi, abu ɗaya take tambaya, yaushe innarsu za ta dawo.

"Kwana shida ina ce mata ban sani ba. Ranar da anka sallame ka, kahin ka shiga gidanka, nan za ka hwara biyowa. Kai za ka ba ta amsa."